Arkimidis, Mai Ɗaga Nauyi da Hikima

1. Doki da Injin Rake

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Makarfi, ko Kudan, ko Ikara, ya san rake, ya kuma san mazarƙwaila. Idan damina ta wuce, rake ya ƙosa a fadamu, sai a sare shi a kai wurin matsa. Shekaru da yawa doki ne ke yin wannan aiki. A kan kafa ƙarafa masu siffar turmi a tsaye, suna manne da juna. A bisansu a ɗora wani dogon itace, a ɗaure doki a ƙarshensa. Doki na kewayawa, ƙarafa na juyawa, mutum na tura rake tsakaninsu, ruwan rake na zuba cikin mazubi. Yanzu injin mai shan mai ya karɓi aikin a wurare da dama, amma dattawa duk sun san na doki.

To, ga abin tambaya. Da za a yar da sandar rake a ƙasa, a sa doki ya taka ta, ba zai fitar da ruwanta ba sai ɗan kaɗan. Ƙarafan nan kuwa su kan matse ta har ba sauran ruwa a cikinta. Dokin bai ƙara girma ba, ba a kuwa ba shi wani magani ba. Daga ina ƙarfin ya fito? Amsar tana jikin dogon itacen nan. Mutumin da ya auna wannan al'amari, ya kafa hujjarsa da lissafi, ya rasu fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Sunansa Arkimidis. Larabawa su kan kira shi Arshimidis.

2. Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Arkimidis wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Shekarun wancan zamani baya-baya a ke ƙirga su, watau daga 287 sai 286, sai 285, har a zo kan 1. Garinsu Sirakusa, wani babban birni mai ganuwa a bakin teku, a tsibirin Sisili, cikin Bahar Rum, kudu da ƙasar Italiya. Mutanen birnin Yunanawa ne, watau ƙabilar Girka, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku suka kafa gari a can.

Sunan ubansa Fidiyas, masanin taurari ne. Ɗan masanin taurari kuwa ba ya rasa ganin awo da lissafi a gida. Da ya girma sai ya tafi Masar. A zamanin nan babu birnin ilmi kamar Iskandariya. Sarakunan Masar sun gina babban ɗakin littattafai a can, malamai suna zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Arkimidis ya yi abota da malaman birnin, cikinsu har da Eratostinis, wanda ya auna kewayen duniya da inuwar rana. Bayan ya koma gida ya riƙa aika musu da abin da ya gano a rubuce. Da yawa daga littattafansa da suka rage har yau, wasiƙu ne irin waɗannan.

Wani mai tarihi, Fulutak, ya ba da labarin halinsa. Ya ce idan lissafi ya kama Arkimidis ya kan manta da abinci, ya manta da wanka. In ya zauna kusa da murhu, sai ya riƙa zane a cikin toka. In barorinsa suka matsa masa ya yi wanka, aka shafa masa mai, sai ya sa yatsa ya ci gaba da zane a jikinsa.

3. Sanda da Matokari

Tun kafin a haifi Arkimidis mutane sun san amfanin sanda wajen ɗaga nauyi. Manomin da ya tarar da ƙaton dutse a gonarsa ba ya rungumarsa. Ya kan samo doguwar sanda mai ƙwari, ya cusa bakinta ƙarƙashin dutsen, ya tokare sandar da wani ƙaramin dutse, sa'an nan ya danna ɗaya ƙarshen. Sai ƙaton dutsen ya ɗago. Ƙaramin dutsen nan da sanda ta dogara a kansa, shi ne matokari.

Haka kuma jigo, wanda masu lambu suka daɗe suna ban ruwa da shi a fadamun ƙasar Hausa kafin zuwan injin ban ruwa. Dogon itace ne a rataye bisa wani gajeren itace. A gajeren gefensa an liƙa curin laka, a dogon gefen kuwa igiya da guga. Mai lambu ya ja guga ƙasa, ta cika, nauyin lakar ya taimake shi ɗago ta. Mutanen Masar sun yi aiki da jigo fiye da shekara dubu kafin Arkimidis. Shi bai ƙago sanda ba, bai ƙago jigo ba. Abin da ya yi shi ne, ya tambayi kansa dalilin da ya sa su ke aiki, ya auna, ya rubuta hujja wadda ba mai iya rushe ta.

Ga ƙa'idar. A aza dogon katako bisa gungume, yadda gungumen zai zo daidai tsakiya. Wa da ƙane su hau, kowa a gefe guda. A ce nauyin wan kilo 40, na ƙanen kilo 20. In nisansu daga gungumen ɗaya ne, gefen wan zai sauka, ƙanen ya tashi sama. Amma in wan ya matso ya zauna ƙafa 3 daga gungume, ƙanen ya ja baya ƙafa 6, sai katako ya tsaya daidai, ba wanda ya rinjayi wani. Dalili kuwa, 40 sau 3 ya ba da 120, haka 20 sau 6 ya ba da 120. Watau mai rabin nauyi ya kan yi daidai da mai cikakken nauyi, muddin nisansa daga matokari ya ninka na wancan. In ƙanen ya ƙara ja da baya, shi ne zai ɗaga wansa.

Yanzu a koma wurin doki. A ce tsawon itacen da aka ɗaure shi ƙafa 12 ne, daga tsakiyar ƙarfen matsa zuwa gefensa kuwa rabin ƙafa. Akwai rabin ƙafa 24 cikin ƙafa 12. Saboda haka ƙarfin da ƙarfen ke jan rake da shi ya ninka jan dokin sau 24. Doki ɗaya ya zama kamar dawaki 24.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin doki ya gama kewaye ɗaya, ya yi tafiyar ƙafa 75. A wannan lokaci raken da ya shige tsakanin ƙarafa bai wuce ƙafa 3 da ɗan kai ba. Doki ya yi doguwar tafiya da ƙaramin ƙarfi, ƙarfe ya yi gajeriyar tafiya da babban ƙarfi. Wannan shi ne asirin. Na'ura ba ta ba da ƙarfi kyauta. Abin da aka samu na ƙarfi, da tafiya a ke biyansa. Malaman da suka biyo bayan Arkimidis sun bincika, sun tarar haka abin ya ke ga kowace irin na'ura.

4. Jirgin Sarki

Sarkin Sirakusa a zamanin nan sunansa Hiron, abokin Arkimidis ne ƙwarai. Wata rana Arkimidis ya aika masa da takarda, ya ce babu nauyin da ƙaramin ƙarfi ba zai iya motsawa ba, har ma da zai sami wata duniya ya tsaya a kanta, da ya gusar da wannan. Sarki ya yi mamaki, ya nemi a nuna masa da ido.

Fulutak ya ce sai aka zaɓi wani babban jirgin fatauci daga cikin jiragen sarki, wanda sai da mutane masu yawa suka sha wahala kafin su jawo shi tudu. Aka cika shi da kaya, mutane kuma suka shiga. Arkimidis ya zauna can nesa, riƙe da bakin igiya. Igiyar nan ta bi ta kan wasu ƙananan wili masu yawa, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kafin ta kai ga jirgin. Ya riƙa jan igiya a hankali da hannu, sai ga jirgi yana tahowa sumul, kamar a bisa ruwa ya ke.

Ba sihiri ba ne. Irin wannan wili yana da kwari a gefensa, inda igiya ke bi. Akwai ƙaraminsa a ƙwanƙolin sandar tutar makaranta. Idan guda ɗaya ne a kafe a sama, ba ya rage nauyi, sai dai ya juya hanyar ja: yaro ya ja igiya ƙasa, tuta ta tafi sama. Amma idan aka kafa wasu a sama, aka maƙala wasu a jikin kayan, igiya ta kewaya su duka, to, kayan sun zama a rataye da igiya ninki-ninki. In ninki huɗu ne, kowane ninki yana ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu, kamar mutum huɗu da suka kama buhu ɗaya. Mai ja kuwa ninki guda kaɗai ke hannunsa. Buhu mai kilo 100 sai ya ji shi kamar kilo 25.

A nan ma sai an biya. Kafin buhun ya tashi ƙafa 1, sai an ja igiya ƙafa 4. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike sa'ad da a ke ciro injin mota da sarƙa, ya ga haka. Yaron bakanike ya yi ta jan sarƙa, ya yi ta ja, inji kuwa yana tashi kaɗan-kaɗan.

5. Katantanwa

Masu tarihi na da sun ce sa'ad da Arkimidis ya ke Masar ya ƙago wata na'ura ta ɗebo ruwa daga Kogin Nilu zuwa gonaki. Dogon bututu ne, a cikinsa akwai murɗaɗɗiyar hanya wadda ta nannaɗe wani itace tun daga ƙasa har sama. Saboda wannan murɗi Yunanawa suka sa mata suna katantanwa. A kan jingina ta a karkace, gindinta cikin ruwa. Idan aka juya ta, bakinta ya ɗebi ruwa, ruwan ya riƙa gangarawa daga wannan lungu zuwa na gaba, lungunan kuwa suna hawa, har ruwa ya zubo ta sama.

Mai son gane ta sai ya tuna da masu lodin durom a babbar mota. Ba su cira shi sama gaba ɗaya. Su kan jingina katako, su mirgina durom a kansa. Hanyar ta fi tsawo, amma ta fi sauƙi. Murɗin katantanwa ba kome ba ne sai irin wannan gangare, an nannaɗe shi jikin sanda. Haka zaren da ke jikin noti ya ke. Haka kuma jak mai murɗi, wanda direba ke juyawa sau da yawa kafin mota ta ɗago inci kaɗan. Har cikin injin markaɗe akwai murɗaɗɗen ƙarfe, shi ke tura tumatir ko hatsi zuwa wurin niƙa.

6. Kambin Zinariya

Labarin Arkimidis da ya fi shahara shi ne na kambi. Wani magini na birnin Rum, Bitirubiyus, shi ya rubuta shi, wajen shekara 200 bayan rasuwarsa. Sarki Hiron ya auna zinariya ya ba wani maƙeri, ya ce a ƙera masa kambi wanda zai ajiye a ɗakin bautarsu. Maƙeri ya kawo kambi, aka aza bisa ma'auni, nauyinsa ya zo daidai da zinariyar da aka ba shi. Daga baya sai raɗe-raɗi ya tashi, wai maƙerin ya yi algus, ya ɗebi zinariya ya cike gurbinta da azurfa. Sarki ya sa Arkimidis ya binciko gaskiya, amma ba a yarda ya fasa kambin ko ya narkar da shi ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. In maƙeri ya ci amana, an cuci sarki. In kuwa ƙarya a ke yi masa, za a zalunci mai gaskiya. Arkimidis ya daɗe yana tunani. Ran nan ya tafi gidan wanka, ya shiga wani kwarmi cike da ruwa. Ya lura, gwargwadon yadda jikinsa ke nutsewa, gwargwadon ruwan da ke malala waje. Nan take ya gane hanya. Don murna ya fito a guje ya nufi gida, ko tufafi bai tsaya sawa ba, yana ta ihu cewa ya gano.

Abin da ya gano shi ne wannan. Mudun gero ya fi mudun dusa nauyi. Mai son dusa ta yi nauyin mudun gero, sai ya tara ta da yawa. Haka zinariya da azurfa. In girmansu ɗaya, zinariya ta kusa ninka azurfa a nauyi. Saboda haka kambin da aka gauraya da azurfa, in nauyinsa ya yi daidai da na zinariya tsantsa, lalle jikinsa ya fi girma. Ido ba ya iya ganin wannan bambanci, amma ruwa ya kan tona shi. Arkimidis ya samo curin zinariya mai nauyin kambin, ya tsoma cikin kwano cike da ruwa, ya auna ruwan da ya zube. Ya sake cika kwanon, ya tsoma kambi. Sai kambi ya zubar da ruwa fiye da curin. Asirin maƙeri ya tonu.

Arkimidis bai tsaya nan ba. Ya rubuta littafi a kan abubuwan da ke yawo bisa ruwa. A ciki ya nuna cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwa na tura shi sama, nauyinsa kuma ya kan ragu daidai da nauyin ruwan da ya ture. Kowace yarinya mai jan ruwa a rijiya ta san haka a hannunta. Muddin guga na cikin ruwa ba ta da nauyi, da ta fito sai a ji ta. Shi ya sa allura ke nutsewa, tasa kuwa, wadda ta fi allura nauyi nesa ba kusa ba, ta zauna bisa ruwa. Tasa tana da faɗi da zurfi, tana ture ruwa mai nauyinta tun ba ta nutse ba. Da wannan ƙa'ida masunta ke hawa gora a kogi, da ita kuma manyan jiragen ƙarfe ke ƙetare teku.

7. Da'ira da Ƙwallo

Shi kansa Arkimidis ya fi ƙaunar lissafi a kan na'urori. Ya so ya san sau nawa kewayen da'ira ya ninka faɗinta. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira, da wata a wajenta, ya riƙa ninka gefunan, 12, 24, 48, har 96. Ya tabbatar kewayen ya ninka faɗin sau 3 da ɗan ƙari, ƙarin kuwa ya kusa kashi ɗaya cikin bakwai, amma bai kai ba. Wannan ne 22 bisa 7 da a ke koyarwa a aji. Da shi aka gane tafiyar dokin nan ƙafa 75 ce.

Ya kuma gano wani abu wanda ya fi faranta masa rai. In aka sa ƙwallo cikin gwangwanin da ya yi mata daidai, tana taɓa gefe da sama da ƙasa, to, ƙwallon ta cinye kashi biyu cikin uku na cikin gwangwanin, ba ƙari ba ragi. Ya roƙi danginsa, in ya mutu a sa wannan siffa bisa kabarinsa.

8. Yaƙin Sirakusa

A zamanin nan manyan dauloli biyu ke jayayya a kan Bahar Rum, watau Rum ta Italiya, da Kartaj wadda ke ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu. Sisili tana tsakaninsu. Sarki Hiron ya yi amana da Rumawa, garinsa ya zauna lafiya kusan shekara 50. Duk da haka bai saki jiki ba, ya sa Arkimidis ya shirya na'urorin tsaron gari, aka ajiye. Hiron ya rasu cikin shekara ta 215. Jikansa, yaro ɗan shekara 15, ya gaje shi, ya warware amana ya koma wajen Kartaj. Ba a daɗe ba aka kashe shi, amma gari bai koma ga Rumawa ba.

Wajen shekara ta 213 Rumawa suka kawo yaƙi ta tudu da ta ruwa. Shugaban rundunar ruwa, Marsilus, ya zo da manyan jirage 60. Suna tsammanin kwana kaɗan za su ci garin. Ba su san akwai wani tsoho mai shekara fiye da 70 a bayan ganuwa ba.

Tun jirage na nesa, manyan majaujawa suka riƙa jifansu da duwatsu. Da suka matso, ƙanana suka karɓa, gama Arkimidis ya auna nisan jifan kowace. Ya sa an huda ƙananan kafofi a jikin ganuwa, maharba na harbi ta ciki, ba a ganinsu. Rumawa suka haɗa jirage biyu-biyu, suka ɗora dogayen tsani don su hau ganuwa. Sai ga manyan itatuwa sun leƙo ta bisa ganuwa, suka sako duwatsu, tsani suka kakkarye. Mai tarihi Folibiyus ya ce nauyin wasu duwatsun ya wuce kilo 250.

Abin da ya fi razana Rumawa shi ne wata na'ura mai kama da ƙaton jigo. Dogon itace ne bisa matokari, da sarƙa da ƙugiyar ƙarfe a bakinsa. A sako ƙugiya ta kama goshin jirgi, mutanen cikin gari su danne ɗaya ƙarshen itacen, jirgi ya miƙe tsaye bisa gindinsa. Sa'an nan a saki sarƙa, jirgi ya faɗo ya kife, ko ya cika da ruwa. Tsoro ya kama sojan Rum, har ta kai in sun hangi guntun igiya ko itace ya leƙo ta kan ganuwa, sai su juya da gudu.

Marsilus ya ga ba dama, ya daina kai hari, ya kewaye garin ya tsare hanyoyin abinci. Cikin shekara ta 212, a wani dare na bikin mutanen gari, masu gadi suka sha giya suka yi sakaci. Rumawa suka sa tsani inda ganuwa ba ta da tsawo, suka hau. Abin da ƙarfi ya kasa, sakaci ya ba su. Bayan wata da watanni sauran unguwannin birnin suka faɗa hannunsu.

9. Rasuwarsa

Marsilus ya ba da umarni kada a taɓa Arkimidis. An ce ranar da sojoji suka bazu cikin gari suna kwasar ganima, tsohon yana zaune ya duƙufa kan wani zane da ya yi, bai ma san an ci gari ba. Wani soja ya tsaya a kansa, ya ce ya tashi su tafi wurin Marsilus. Arkimidis ya ƙi tashi sai ya gama lissafinsa. Soja ya fusata, ya zare takobi ya kashe shi. Yana da shekara wajen 75. Marsilus ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya nemo danginsa ya girmama su.

Shekara 137 bayan haka, watau cikin shekara ta 75, wani ma'aikacin Rum mai suna Sisaro ya zo aiki Sisili. Ya tambayi mutanen Sirakusa kabarin Arkimidis, suka ce ba su san da shi ba. Ya fita bayan gari ya yi ta dubawa cikin kaburbura, har ya hangi wani ɗan ginshiƙi cikin sarƙaƙiya, da siffar ƙwallo da gwangwani a kansa. Ya sa aka sare ƙayar, aka share wurin. Mutanen garinsa sun manta da shi, baƙo ne ya tuna musu.

10. Abin da Ya Bari

Kabarin ya sake ɓacewa, amma ilmin bai ɓace ba. Marubuta suka riƙa kwafar littattafansa da hannu. A birnin Bagadaza malamai suka juya wasu zuwa Larabci, cikinsu har da Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a shekara ta 901 bayan haihuwar Annabi Isa. Malaman Turai kuma suka juya su zuwa harshen Latin. Galiliyo na Italiya, wanda aka haifa a 1564, ya karanta su tun yana saurayi, ya ɗora nasa bincike a kansu. A 1906 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Haibag, ya duba wani tsohon littafin fata a birnin Istambul, ya tarar an kankare rubutun farko an yi wani a kai. Rubutun da aka kankare na Arkimidis ne, har da wani littafinsa da aka daɗe da fid da rai da shi.

Masana na baya sun ƙara abu guda wanda ya kamata a sani. Ba dukan wahalar doki ke isa ga rake ba. Inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, wani kashi na aikin ya kan zama zafi, ya tafi a banza. Wannan ita ce gogayya. Don a rage ta ne a ke ɗiga mai a sarƙar keke da gindin ƙarafan inji.

Yau duk inda aka duba a kasuwar Makarfi, ko Hunkuyi, ko Ikara, ƙa'idar nan na aiki. Tana jikin almakashin tela, da awartakin maƙeri, da baron mai dako, da birkin keke, da sifanar bakanike, wanda ya kan ƙara mata bututu in noti ya ƙi kwancewa. Ɗalibin da ke son ya gwada da kansa, sai ya aza tsakiyar rula bisa fensir, ya ɗora murfin kwalba biyu inci 2 daga fensir, ya ɗora guda ɗaya a ɗaya gefen, ya riƙa gusa shi. Zai ga rula ba ta tsaya daidai ba sai murfin ya kai inci 4. Abin da Arkimidis ya gani a Sirakusa ke nan.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Arkimidis, kuma wace shekara?
2. Mene ne matokari? Nuna inda ya ke a jikin jigo da almakashi.
3. Yaro mai kilo 30 ya zauna ƙafa 4 daga gungume. Ina ƙanensa mai kilo 20 zai zauna katako ya tsaya daidai?
4. Da me a ke biyan ƙarfin da na'ura ta ƙara?
5. Yaya ruwa ya tona asirin maƙerin kambi?
6. Don me allura ke nutsewa, tasa ba ta nutsewa?
7. Me ya ba Rumawa hanyar shiga Sirakusa?